Siririn Bututun Boila Da Ke Kwanar Da 'Yan'uwanmu Cikin Sanyi A Ingila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, domin na san 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya suna karanta wannan jarida a waya, iyayensu da ke gida ma suna karantawa su tura musu. Sana'ata gyaran gas da famfo, ina da rajista, ina aiki a Bradford da garuruwan da ke kewaye da ita, har Leeds da Keighley. Daga 2022 zuwa yau mutanenmu sun ƙaru ƙwarai a nan: ɗalibai da iyalansu, ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi. Kusan kowa gidan haya yake, kuma kusan kowane gida da boila, tukunyar gas ɗin nan da ke maƙale a bangon kicin tana dafa ruwan wanka tana ɗumama ɗakuna. A gindinta akwai bututan tagulla jere, a gefensu kuma wani siriri fari na roba. A kansa nake son yin magana. Ba mai kallonsa sau biyu, amma duk shekara idan hunturu ya kankama, shi ke kashe boila a gidajen mutanenmu, kuma galibi matsalar tana inda aka kai bakinsa.

Bari in fara da inda ruwan da ke bin bututun yake fitowa, don da yawa suna zaton yoyo ne. Idan gas ya ƙone, cikin abin da yake haifarwa har da tururin ruwa, mai yawa kuwa. Tsofaffin boila suna watsar da tururin nan waje tare da hayaƙi, da zafinsa da komai, asara ke nan. Tun watan Afrilun 2005 dokar gini ta Ingila da Wales ta ce duk sabuwar boilar gas da za a saka a gida sai mai tatse zafin tururin, in ban da wurare ƙalilan da aka yi wa rangwame. Ita wannan tana sanyaya hayaƙin da ruwan da ya dawo daga hitocin ɗakuna, idan ruwan bai wuce digiri 55 ba ko kusa da haka, sai tururin ya koma ruwa, kamar yadda yake taruwa a murfin tukunyar tuwo yana ɗiga. Da wannan dabara ake samun fiye da kashi 90 cikin 100 na zafin gas ɗin da aka biya kuɗinsa. Amma ruwan dole ya sami hanyar fita. A rana mai sanyi boilar gida tana iya zubar da wajen lita 2 a awa guda.

Kuma ruwan yana da tsami. A ma'aunin tsami na pH yana tsakanin 3 da 5. Ba zai ƙona hannu ba, amma a hankali yana cin tagulla, yana cin baƙin ƙarfe, yana cin simintin da ke tsakanin duwatsun gini. Shi ya sa bututunsa roba ne tun daga boila har ƙarshe. Na sha ganin inda aka bar shi yana ɗiga a jikin bango, ƙasan wurin ya yi fari ya zaizaye, ka sa yatsa simintin ya marmashe.

Idan hanyar ta toshe, ruwan yana komawa baya ya cika cikin boila. Za ka ji tana ƙugi kamar mai kurkure baki, ta yi yunƙurin kamawa ta kasa, sai ta kashe kanta ta nuna lamba a fuska. A boilar kamfanin Worcester Bosch galibi EA ake gani, a ta kamfanin Vaillant F28 ko F29. Kashe kan nan da take yi kariya ce aka gina mata, ba lalacewa ba ce.

To, me ke toshe hanyar? Na farko ƙanƙara. Shekarun farko bayan dokar 2005, masu sakawa da yawa sun ɗauki hanya mafi sauƙi: a huda bango a bayan boila, a zura siririn bututun waje, a bi da shi jikin bango har kwata. Aikin minti ashirin, a tafi gida na gaba. Ba a gane illar sosai ba sai a Disambar 2010, wadda ta zama Disamba mafi sanyi da aka taɓa rubutawa a Birtaniya tun 1910. Boila suka riƙa mutuwa gida-gida a dare guda. Haka aka sake yi a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, lokacin da iskar sanyi ta taso daga gabas ta rufe ƙasar da dusar ƙanƙara. Ƙungiyar masu ƙera kayan ɗumama gida ta HHIC ta fitar da jagora a kan wannan bututu kaɗai, ma'aunin aiki na BS 6798 ma ya yi bayani, kuma duk abu ɗaya suke faɗa: a zubar da ruwan a cikin gida muddin da hali, waje sai in babu makawa. Duk da haka har yau ina shiga gidajen haya in tarar da aikin nan na gaggawa, wani ma sabo fil.

A sanyin Disambar 2022 wani bawan Allah ya kira ni da asuba daga unguwar Manningham. Bai daɗe da kawo iyalinsa daga gida ba, yana aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Na tarar da maiɗakinsa ta kunna duka kawunan murhun gas tana ɗumama kicin, yara uku a naɗe cikin bargo a kan kujera, ƙaramar tana tari. Abin da na fara yi shi ne kashe murhun da buɗe taga, duk da sanyin, don ɗumama ɗaki da murhun girki a rufe haɗari ne babba. Da na zagaya bayan gida, ga bututun nan, mai faɗin milimita 21.5, tsirara ba riga, ya yi tafiyar da ta fi mita 5 a bangon da rana ba ta taɓa gani, ya lotsa a tsakiya don ba a ɗaure shi ba, a bakinsa kuma ƙanƙara ta sauko kamar tsinken alli har ta haɗe da murfin kwata. Na ce, "Hajiya, a ɗora mini ruwa, amma kada ya tafasa." Buta biyu muka zuba, ƙanƙarar ta zame ta faɗo, na danna maɓallin sake kunnawa, boila ta kama. Maigidan ya ce, "Malam, shi ke nan?" Na ce na yau dai shi ke nan, amma gobe da asuba zai sake daskarewa. Abin da ya fi ba ni haushi, bututun sinkin kicin yana ƙasa da boilar, tazarar bai kai mita 1 ba. Da wanda ya saka ta ya ƙara rabin awa, da yaran nan ba su kwana a haka ba.

Yanzu ga yadda aikin yake idan an yi shi da gaskiya. Ba don kowa ya ɗauki zarto nake faɗa ba, sai don mutum ya san abin da zai duba da abin da zai tambaya.

Wuri mafi kyau shi ne babban bututun ƙazanta na cikin gida, wanda bandaki ke zuba a cikinsa, idan yana kusa. A gidan da bai wuce hawa 3 ba, mahaɗar ba za ta yi ƙasa da milimita 450 daga gindin babban bututun ba, don can ƙasa ruwa yake dukan gwiwa ya yi baya. In wannan bai samu ba, sai bututun da ke kwashe ruwan sinki, ko na injin wanki, ko na wurin wanke hannu. A nan ne mafi yawan gidajenmu suke faɗawa, tunda boila a kicin take. Akwai amfani biyu: bututun yana cikin ɗumin gida, kuma ruwan sabulu da ke bi ta nan kullum yana surka tsamin ya kashe masa kaifi kafin ya isa babbar kwata.

A ƙarƙashin kowane sinki akwai gwiwar da ke riƙe ruwa ko da yaushe, tarkon da ke hana warin kwata dawowa ɗaki. Ana iya haɗa bututun boila kafin wannan tarko ko bayansa, kowanne da sharaɗinsa a littafin kamfanin da ya ƙera boilar. Ni na fi son bayansa, inda ruwa ya riga ya wuce gwiwa, saboda a gwiwar ne guntun abinci ke taruwa. Amma idan aka haɗa a bayan tarko, bututun boila ya shiga layin iskar kwata kai tsaye, don haka dole a sami wani tarkon mai zurfin ruwa milimita 75 tsakaninsa da boila. Yawancin boilar zamani da nasu a ciki. Wadda nata bai kai haka ba, sai a ƙara wani a waje, a bar ɗan giɓin iska da ido ke gani tsakanin biyun.

Tarkon da ke cikin boila ina so a fahimce shi da kyau, don a nan rai yake. Bututun nan daga wurin da hayaƙi ke bi ya taso. Ɗan ruwan da ke kwance a tarkon shi kaɗai ne ƙofar da ta hana hayaƙin biyo bututun ya shigo gida. Idan aka cire tarkon, ko aka mayar da shi a bushe, ko aka bar shi a fashe, hayaƙi ya sami hanya. Kuma idan boila ba ta ƙona gas daidai, hayaƙin yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ke kashe iyali guda a gida Najeriya idan aka kwana da janareta a cikin ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi. Shi ya sa mai rajista yake cika tarkon da ruwa kafin ya kunna sabuwar boila, yake kuma wanke shi a kowane sabis na shekara, don yana tara wani baƙin laka mai kama da yashi.

Sai gangara. Ruwan da kansa yake tafiya, ba abin da ke tura shi, don haka bututun zai riƙa sauka aƙalla milimita 45 a kowace mita, ba tare da lotsawa ko hawa ba, a ɗaure shi kusa-kusa, a haɗa gaɓoɓinsa da gam ɗin roba. Tsofaffin gidajen dutse na Bradford da yawa suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma masu gida suna son jefa boila a can. A irin wannan wuri boila ta fi kwata ƙasa, ruwa kuwa ba ya hawa tudu, sai a sa ƙaramin famfo mai lantarki wanda ke tara ruwan ya harba shi sama zuwa bututun sinki. Ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin boilar kanta. A kuma lura, bututun da ya bi ta rufin ɗaki, ko gareji, ko ɗakin ƙasa marar hita, hukuncinsa ɗaya da wanda ke waje.

Idan babu makawa sai waje, to a canza zuwa mai faɗin milimita 32 tun kafin ya huda bango, kada tafiyarsa a waje ta wuce mita 3, a sa masa rigar soso irin wadda ruwa ba ya jiƙa ta, a yanke bakinsa a karkace, a zura shi ƙarƙashin murfin kwata amma sama da fuskar ruwa. Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan: a ga indararon da ke sauko da ruwan sama daga rufi, a ce ga hanya. A tsofaffin unguwanni, inda ruwan sama da na ƙazanta suke haɗuwa a kwata guda, an yarda, da sharaɗin giɓin iska. A sababbin gidaje kuwa ruwan sama hanyarsa daban, kai tsaye yake zuwa rafi ba tare da an tace shi ba, kuma ba a yarda a zuba ruwan tsami a ciki ba. Inda babu kwata sam, ana haƙa ƙaramin sokawe, aƙalla milimita 500 nesa da gini, a cika shi da tsakuwar dutsen farar ƙasa wadda ke kashe tsamin.

Malam Edita, yanzu na zo ga abu na biyu da ke toshe hanyar, ɓangaren da ya shafe mu mu kanmu, kuma ina roƙon iyayenmu mata da ƙannenmu su yi mini uzuri, gyara nake nufi. Duk amfanin haɗa boila da bututun sinki, yana da farashi: daga ranar da aka haɗa su, abin da aka zuba a sinki ya shafi boila. Girkinmu na mai ne. Manja, man gyaɗa, kitsen rago, romon ganda, ga ruwan shinkafa da guntun tuwo da ake kankarewa daga tukunya. A gida ana watsa ruwan wanke-wanke a tsakar gida ko a lambatu, rana ta busar. A nan kuwa komai ta bututu mai faɗin milimita 40 zai bi, ya ratsa bango mai sanyi, kuma manja da kitse ba sa buƙatar ƙanƙara kafin su daskare.

Bayan Babbar Sallah aka kira ni wani gida a Great Horton, cikin bazara, babu maganar sanyi ko kaɗan, boila ta ƙi ba da ruwan zafi. Uwargidan ta ce ai sinkin ma kwana biyu yana jan ƙafa wajen tafiya, amma ba ta ga alaƙarsu ba. Na shimfiɗa tsumma, na sa roba a ƙasa, na kwance bututun bayan gwiwa. Abin da ya fito dunƙule ne ja-ja mai tauri kamar sabulu, tsawon tafin hannu, da ƙwayoyin shinkafa a maƙale a jikinsa, ramin da ya rage a tsakiya bai fi kaurin fensir ba. Duk lokacin da aka saki ruwan wanke-wanke, wanda ya rasa hanya sai ya haura ta bututun boila. Da na buɗe tarkon boilar, ruwan miya ne a ciki, da attaruhu yana yawo. Allah Ya taimaka bai kai ga fanka da allon lantarkin boilar ba, don da ya kai, maganar ɗaruruwan fam ake yi, kuma mai gidan haya zai ce su suka jawo, a ajiyar kuɗinsu zai cire.

Maganin ba wuya. Mai da kitse a bar su su huce a juye a gwangwani ko kwalba a jefa a shara. Tukunya a share ta da takarda kafin a wanke. A sa 'yar rariya a bakin sinki. Kuma idan sinki ya fara jinkirin tafiya, a ɗauka cewa boila ce ta gaba, a kira a gyara tun kafin ta tsaya. Kada a yi ta zuba sinadarin buɗe kwata mai ƙarfi, domin idan hanyar ta toshe, shi ma inda ruwan miya ya haura nan zai haura.

Akwai wata ɗabi'a tamu da nake jin tsoronta fiye da ƙanƙara da manja. Idan abu ya lalace, sai a ce akwai wani ɗan'uwa a masallaci mai hannu, ya iya gyare-gyare, zai duba a kyauta ko a ba shi na mai. Niyyar kirki ce, na sani, kuma kuɗi a ƙasar nan ba ya isar kowa. Amma dokar gas ta 1998 ta hana wanda ba shi da ƙwarewa da rajista yin aikin gas a gidan mutane, kuma a yawancin boilar zamani murfin gaba ma yana cikin abin da ke tsare hayaƙi, buɗe shi kaɗai ya shiga aikin gas. Tun 2009 rajistar ita ce Gas Safe. Duk mai ita yana da kati da hotonsa da lambarsa, a bayan katin an rubuta irin aikin da aka yarje masa. Ku nemi ganin katin, ko da wanda ya zo Bahaushe ne ɗan unguwarku, ko da ni ne. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Abin da ɗan haya zai iya yi da hannunsa shi ne narkar da ƙanƙara idan bututun yana ƙasa inda hannu ke kaiwa. Ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, don tafasasshe yana fasa robar da ta yi sanyi. A fara daga baki da gwiwoyi, nan ya fi daskarewa, ko a ɗora jakar ruwan zafi a kai. Kada a hau tsani a kan ƙanƙara, kada a sare bututun da wuƙa, a kuma kula da ruwan da ya zuba a ƙasa don zai daskare ya kayar da mutum. Idan an sake kunnawa sau ɗaya ko biyu ba ta kama ba, a bar ta haka a kira mai rajista.

Gyara na dindindin kuwa, wato dawo da bututun cikin gida, nauyin mai gida ne. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ɗora masa kula da na'urar ɗumama gida da ruwan zafi. Dole ne ya sa a duba kayan gas sau ɗaya kowace shekara, ya ba ka takardar cikin kwana 28 da dubawar. Daga 1 ga Oktoba 2022 kuma, a Ingila, dole ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Mutanenmu da yawa suna jin nauyin yin magana, wasu suna tsoron kada a ce su tashi, musamman waɗanda bizarsu ke hannun wurin aiki. Na fahimci wannan tsoro, amma haƙƙin nan bai dogara da irin bizar mutum ba. A rubuta wa mai gida ko ejan a saƙo, kada a tsaya a kiran waya, a haɗa da hoton bututun da hoton lambar da boila ta nuna. Idan ya yi kunnen uwar shegu, sashen kula da gidajen haya na ƙaramar hukuma yana da ikon tilasta masa.

Lokacin yin wannan magana shi ne Satumba da Oktoba, kafin masu gyara su cika da kira. Yau ɗin nan mutum ya duƙa a gindin boilarsa ya nemo farin bututun roba, ya bi shi da ido. Idan ya shiga ƙarƙashin sinki ko bayan injin wanki, madalla, sai a kiyaye abin da ake zubawa. Idan ya huda bango, a fita a duba kaurinsa da tsawonsa da ko yana da riga, a ɗauki hoto, a nuna wa injiniyan da zai zo duban shekara, a ce ya rubuta a takardarsa cewa bututun yana buƙatar gyara, don mai gida ya fi jin maganar da ke kan takardar injiniya. Wanda kuma ya ji warin gas, ko ƙararrawa ta yi kuka, ya buɗe tagogi ya fitar da iyali waje ya kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999, kyauta ne, dare da rana.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naku, mai gyaran gas da famfo,
Bradford, Ingila.